Kuskure Nawa Mai Karatu Ke Iya Haɗiyewa a Littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Littafina na farko ya fito wata biyu da suka wuce, ƙagaggen labari ne mai shafi 280. Sau uku na karanta shi kafin a kai maɗaba'a, wata ƙawata ma ta duba min. Da ya fito na zauna na ƙirga kurakurai 14. Wani mai karatu kuma ya rubuto min cewa ya kasa ƙarasa littafin saboda kurakurai. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Don Allah kuskure nawa ne masu karatu ke iya jurewa? In janye littafin ne, ko in bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Barka da fitowar littafi, Allah ya sa masa albarka, ya sa shi ne ƙarami a cikin waɗanda za ki rubuta. Kafin komai, ki daina kwana da zancen nan. Na fi shekara ashirin ina aikin duba rubutu kafin a buga, kuma har yau ban riƙe wani littafi mai kauri da zan iya rantsuwa babu tuntuɓen alƙalami ko ɗaya a cikinsa ba, har da waɗanda ni na duba da idona. Duk marubucin da ya ce miki nasa ya tsira, bai dai sake karantawa ba ne.

Lambar da kike nema kuwa babu ita. Ba a taɓa zama aka yanke cewa kuskure goma ya halatta, na sha ɗaya ya haramta ba. Za ki ji editoci kowa na faɗin nasa ma'aunin, wannan ya ce kaza a shafi kaza, wancan ya ce a'a, amma duk gogewarsu da ra'ayinsu suke faɗi. Bari dai mu yi lissafin naki don hankalinki ya ɗan kwanta. Shafi 280, kuskure 14, ɗaya ke nan a kowane shafi 20. Littafi mai wannan kauri zai kai kalma 80,000 ko kusa da haka, wato sai mutum ya wuce kalma fiye da 5,000 lafiya lau kafin ya ci karo da guda. In a ƙirge ne, wannan ba abin sunkuyar da kai ba ne, na ga littattafan manyan kamfanoni da suka zarce haka. Ki dai sa a ranki akwai wasu da ba ki gani ba tukuna, kullum akwai su. Sai dai mai karatu ba ƙirge yake yi ba. Abin da yake aunawa, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne ko zai iya sakin jiki da ke ya bi ki ido rufe, ko kuwa sai ya riƙa karatu yana gadi. Kuskure 14 na iya wucewa ba su taɓa wannan amanar ba, guda uku kuma su rushe ta. Saboda haka tambayata gare ki ita ce: waɗanne iri ne, kuma a ina suka faɗo?

Mu fara da iri. Akwai kuskuren da ido ke tsallakewa bai ma san ya tsallake ba. An rubuta "makarnata" a maimakon "makaranta", ko an maimaita "da" a ƙarshen layi da farkon na biye. Yawancin mutane ba za su gan shi ba, domin babba in yana karatu ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar yaro mai koyon haɗa baƙi. Tsalle ido yake yi, ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa a kan wata kalma, ya sake tsalle, ƙananan kalmomi irin su "da" da "a" da "na" kuwa sau tari ko tsayawa ba ya yi a kansu. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbi da abin da take tsammani. A 2006 Keith Rayner da abokan aikinsa, masu nazarin motsin ido a lokacin karatu, sun ba mutane jimlolin da aka hargitsa haruffan kalmominsu. Mutanen sun fahimci abin da suka karanta, amma saurinsu ya ragu, kuma raguwar ta fi tsanani idan hargitsin a farkon kalma yake, ta fi sauƙi idan a tsakiya ne. Haka muke gani a bakin aiki. Kuskuren da ya maƙale a tsakiyar doguwar kalma shi ya fi kuɓuce mana, shi ne kuma mai karatu ya fi yafewa, don galibi bai ma lura da shi ba.

Wannan ne ma dalilin da ya sa karatunki sau uku bai kama su ba. Ke kika rubuta, kin san abin da ya kamata a ce yana wurin, sai idonki ya ga abin da ke ranki ya bar abin da ke takarda. Laifi tudu ne, a wannan sana'ar kam ba habaici ba ne. Ni kaina in na rubuta takarda mai muhimmanci sai na miƙa wa wani ya duba min, kuma ba ya dawo da ita hannu rabbana.

Iri na biyu shi ne wanda ke sa mai karatu ya yi turus ya koma baya. A rubutun Hausa yawancinsu daga ƙofa biyu suke shigowa: baƙaƙe masu ƙugiya, da raba kalma ko haɗe ta. "Ya tafi fada" da "ya tafi faɗa" ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu, amma na farko gaisuwa ya tafi, na biyu rigima. "Sun shigo ɗaiɗai" daban, "sun shigo daidai" daban. "Ita ce a ɗakin" in aka haɗe sai ta koma "itace a ɗakin", mace ta zama makamashi. "Ba shi da yawa" in ya zama "bashi da yawa", an juya magana baibai, abin da aka ce kaɗan ne ya koma tulin bashi. Mai karatu zai gane nufinki, ba yaro ba ne. Amma kafin ya gane sai ya fito daga cikin labarin ya tsaya warware jimla, kamar wanda aka taɓa yana tsakiyar mafarki. Sau ɗaya, sau biyu, zai koma barci ya ci gaba da mafarkinsa. In aka yi ta tashinsa, sai barcin ya ƙi zuwa, daga nan kuma ya daina karanta labari ya koma karanta haruffa. Da zarar ya koma farautar kuskure, har waɗanda da zai tsallake sai ya gan su.

Iri na uku ya fi su duka haɗari, don shi ba ya kama da kuskure. Jimla ce lafiyayya, tana tsaye da ƙafafunta, amma ƙarya take faɗi. An yar da "ba" ko "kada", an rubuta 15 a wurin 51, an sa sunan miji a inda ake nufin ƙaninsa. Mashahurin misali a tarihin ɗab'i shi ne Baibul ɗin da Robert Barker da Martin Lucas suka buga a Landan a 1631. A cikin dokokin nan goma, wajen da aka hana zina, sai kalmar korewa mai haruffa uku ta faɗi, hani ya koma umarni. Aka ci su tarar fam 300, aka ƙwace lasisinsu, aka bi kwafe-kwafen ana ƙonewa. Littafi mai ɗaruruwan shafuka, kalma ɗaya ta kai shi ƙasa. A ƙagaggen labari ba za a ci tarar kowa ba, amma in "ba" ta ɓace a jimlar da jarumarki ke cewa ba ta yafe ba, kin ba mai karatu wani labarin da ba shi kika rubuta ba, kuma ba shi da hanyar sani.

Wannan ya kawo mu ga irin littafin, don haƙurin mutane ba ɗaya ba ne a kan kowane rubutu. A kan littafin addini babu haƙuri ko ƙanƙani, kuma haka ya kamata. Alƙur'ani na farko da aka buga da injin ɗab'i, wanda gidan Paganini ya fitar a birnin Benis na Italiya wajajen 1537 zuwa 1538, cike yake da kurakurai, masu jera haruffan suna rikita baƙaƙen Larabci masu kama da juna. Bai karɓu ba, ya ɓace ɓat, har sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a wani ɗakin karatu. Ƙamus, littafin magani, littafin lissafi, littafin doka, littafin koya wa yara karatu, duk suna kusa da wannan sahu, domin mai karatu ba nishaɗi ya zo nema ba, dogara ya zo yi. Yaro in ya ga "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" a littafin makaranta, haka zai riƙe, ya tafi da shi har girma. Amma ko a nan ɗin, masu ƙwarewa ma ba su tsira ba. A babban ƙamus na Webster bugun 1934 akwai wata kalma "dord" da babu ita a harshen Ingilishi. Wani ne ya rubuta a 'yar takarda cewa babban D ko ƙaramin d na iya tsayawa a madadin wata kalmar kimiyya. Kalmar "ko" a Ingilishi haruffa biyu ce, o da r, sai aka haɗe duka huɗun aka ɗauka sabuwar kalma ce, aka ba ta gurbi da ma'ana. Shekara biyar tana zaune daram kafin wani edita ya ankara a 1939. Kin ga ciwon haɗe kalma ba mu kaɗai yake damu ba.

Naki kuwa labari ne, kuma labari shi ya fi kowane rubutu samun afuwa, da sharaɗin ya kama mutum. Ulysses, ƙagaggen labarin Ingilishi na James Joyce, ya fito a Faris a 1922, a birnin Dijon aka jera haruffansa, a hannun ma'aikatan da yawancinsu Faransanci kaɗai suka sani, marubucin kuma bai daina ƙare-ƙare a kan shafukan gwaji ba har ƙarshe. Kurakuransa sun kai dubbai, har mai bugawar ta sa 'yar sanarwa a gaba tana roƙon masu karatu su yi haƙuri. Suka yi haƙurin, littafin ya yi suna a duniya. A 1984 Hans Walter Gabler ya fitar da gyararren bugu mai gyara kusan 5,000, ba a jima ba wani masanin ya taso masa cewa shi ma ya shigar da nasa kurakuran. Bugun farko na littafin Harry Potter na ɗaya, a 1997, a shafi na 53 an rubuta sandar tsafi sau biyu a jerin kayan makaranta. Yau masu tara tsofaffin littattafai da wannan kuskuren suke gane bugun asali, abin kunya ya koma shaida.

A nan sai in faɗa miki wata magana da ba lallai ta yi miki daɗi ba. Wani lokaci in mai karatu ya ce kurakurai ne suka hana shi ƙarasawa, gaskiya ya faɗa amma ba duka ba. Ido ba ya samun sukunin kallon haruffa sai in labari ya sassauta riƙo. A inda zuciya ke bugawa ana son a san abin da zai faru, mutum zai tsallake kuskure biyar bai gani ba. A inda labari ya yi sanyi, ana ta zagaye wuri ɗaya, nan ne waƙafin da ya zauna a inda bai dace ba zai tsaya masa a rai. Ban ce haka ne ya faru da naki ba, ban karanta ba. Amma ki nemi sanin shafin da mutumin ya tsaya, ki sake karanta babin da idon baƙo. Mai yiwuwa ki tarar da abin da ya fi kurakuran 14 amfani gare ki.

Sai wuri. Kuskure a bango, a sunan littafi, a bayanin bayan littafi, a shafin farko, nauyinsa ya ninka na shafi na 190 sau da yawa. A farko mai karatu bai san ki ba, yana laluben ko za a iya yarda da ke, kome ya gani shaida ce. In ya kai tsakiya kun riga kun saba, ya ga shafi ɗari masu tsabta, zai ce tuntuɓe ne ya wuce. Abin takaicin kuma shi ne manyan haruffa su suka fi kuɓuce wa mai dubawa. Akwai wani littafi da mu uku muka duba, kowa ya bi ƙananan layuka da tsinin biro, amma kanun babi na huɗu, rubuce da haruffa kamar yatsa, harafi ɗaya ya faɗi a cikinsa, ba wanda ya gani a cikinmu sai da aka kawo kwalaye. Kowa ya ɗauka abu mai girma haka ai ba zai ɓuya ba. Haka nan taruwar kurakurai a wuri ɗaya tana da nata lahani. Kuskure 14 a warwatse cikin shafi 280 abu ɗaya ne, biyar daga cikinsu a babin farko wani abu ne dabam. Mutumin da ya ci karo da biyar a shafi goma na farko, a ransa ya riga ya lissafa cewa haka sauran littafin yake, ko da ba haka ba ne. Sai kuma wuraren da labari ya kai ƙololuwa, mutuwa, rabuwa, tonuwar asiri. Kuskure mai ban dariya a irin wannan wuri ba a manta shi.

Akwai kuma bambancin da nake so ki riƙe da kyau: tuntuɓe daban, ɗingishi daban. Tuntuɓe sau ɗaya yake faruwa, kowa ya san hannu ne ya zame. Ɗingishi kuwa a kowane taku yake bayyana. In kin rubuta "ya ce" a wuri ɗari, sau ɗaya "yace" ta kuɓuce, tuntuɓe ne. In ko'ina "yace" ne da "tace" da "shine", ko yau a raba gobe a haɗe, mai karatun da ya san ƙa'idojin rubutu zai ɗauka ba a san ƙa'idar ba ne, kuma wannan hukunci ya fi wancan tsanani nesa ba kusa ba. Haka sunan da ke sauya kama, Hadiza a babi na biyu, Khadija a na bakwai, Hadizatu a na tara, ba tare da wani dalili a cikin labarin ba. Game da ƙugiya, na lura mutane da yawa sun saba karatu babu ita saboda rubutun waya, har ba sa jin komai in littafi ya zubar da ita gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba, littafi ba saƙon waya ba ne. Amma abin da ya fi wannan muni shi ne rabi da rabi, wannan shafi da ƙugiya wancan babu, ko kuma a zaɓi samfurin haruffan da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, su fito a matsayin ƙananan akwatuna ko alamar tambaya. Wannan kam ba wanda ke jure shi.

Kwamfuta ma tana da nata ɗingishin. Wani marubuci da na duba wa littafi, bayan na gama na sa hannu, daren da za a kai maɗaba'a sai ya ga sunan jaruminsa bai yi masa ba. Bala yake, ya ce a mayar da shi Sani. Ya umarci kwamfuta ta sauya duk inda ta ga wannan suna, ita kuwa ba ruwanta, ta bi haruffa. Littafi ya fito, "bala'i" ya koma "sani'i", "balaga" ta koma "saniga", wata baiwar Allah Balaraba ta wayi gari Saniraba. Sun fi talatin. Kuskure ɗaya ne a asali, danna maɓalli sau ɗaya, amma ga mai karatu talatin ne, kuma a kaina aka sauke laifin, tunda sunana ne a matsayin mai dubawa. Tun daga ranar ba na yarda a taɓa ko waƙafi bayan dubawar ƙarshe sai an dawo min da shafin.

Su ma masu karatun ba ɗaya suke ba. A 2016 Julie Boland da Robin Queen na Jami'ar Mishigan a Amurka sun ba mutum 83 wasu saƙonni su karanta, wasu da kurakurai wasu babu, sannan su faɗi yadda suke ganin marubutan. Suka tarar halin mai karatun yana da tasiri a kan hukuncinsa: masu sakin jiki da jama'a sun fi kau da kai, masu kame kai sun fi yanke wa mai kuskure hukunci. Saƙonni ne aka gwada ba littattafai ba, amma duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san haka abin yake. Akwai mai karatun da kuskure ɗaya ke tsaya masa kamar ƙaya a maƙogwaro, akwai wanda zai gama littafi ya rantse bai ga ko ɗaya ba. Akwai kuma abin da mutum ya sa rai da shi. Labarin da ake sakewa babi-babi kyauta a intanet, ba wanda ke tsananta masa. Wanda aka ɗinke, aka yi wa bango, mutum ya cire kuɗinsa ya saya, alkawari aka yi masa cewa an tace. Kuma, ko da yake ba adalci ba ne, marubucin da ya buga da kansa ana tsananta masa fiye da wanda babban kamfani ya buga wa. Kuskure iri ɗaya, a na kamfani a ce tsautsayi, a na mai buga wa kansa a ce ai da ma.

Mutumin da ya rubuto miki, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya kamata ya dame ki shi ne mai ajiye littafi shiru, bai ce miki komai ba, bai kuma sake sayen naki ba. Wannan ya ɓata lokacinsa ya rubuto. Ki gode masa a gajarce, kada ki kare kanki, kada ki ba shi labarin sau nawa kika karanta, ki roƙe shi ya turo miki shafukan da ya gani. Irinsu sukan zama masu duba miki na gaba, kuma idonsu ya fi na ƙawaye kaifi. Donald Knuth, masanin kimiyyar kwamfuta a Amurka, ya shafe shekaru, har zuwa 2008, yana aika cakin banki na ladan dala 2.56 ga duk wanda ya fara gano kuskure a littattafansa, da yawa ma ba su karɓi kuɗin ba, sai suka adana takardar cakin don alfahari. Bai rage masa daraja ba.

To, a janye ko a bari? In kurakuranki 14 daga iri na farko da na biyu suke, a warwatse, kada ki janye. Janye littafi sai in akwai abin da zai cutar da mai karatu, ko ya ɓata sunan wani, ko shafuka sun ɓace ko sun juye, ko kuma ba rubutun ƙarshe aka buga ba. Wannan na ƙarshen ya faru da marubucin Amurka Jonathan Franzen a 2010, lokacin da aka buga littafinsa Freedom a Ingila daga tsohon kwafin da bai ɗauki gyare-gyarensa na ƙarshe ba, kusan kwafi 80,000, dole aka janye aka sake. Naki bai kai nan ba. Ki buɗe takarda ɗaya, ki rubuta kowane kuskure da shafinsa da layinsa da gyaransa, ki riƙa ƙarawa duk lokacin da wani ya nuna miki sabo, ki ajiye don bugu na biyu. In akwai kwafin da ake karantawa a waya ko kwamfuta, wannan ki gyara yanzu, ba sai an jira ba. Kamfanin Amazon mai sayar da littattafai a intanet ma a 2016 ya fara liƙa gargaɗi a shafin littafin Kindle, wato wanda ake karantawa a na'ura, da aka tabbatar yana da irin waɗannan matsaloli har sai an gyara. In kuma akwai ɗaya ko biyu daga iri na uku, masu juya ma'ana, ki buga 'yar takardar gyara a saka cikin kwafin da suka rage. Tsohuwar hanya ce, kuma mai karatu yana girmama ta. Ki dai yi hattara wajen gyaran: ƙara kalma ɗaya na iya ture layi, layi ya ture shafi, lambobin da ke jerin abubuwan ciki su daina dacewa. Kada garin neman gira a rasa ido. Duk shafin da aka taɓa a sake karanta shi, da wanda ke biye da shi.

Don littafi na gaba, ki sani ƙawa labari take karantawa, mai duba rubutu kuwa haruffa yake karantawa, aiki biyu ne. Ki bar rubutun ya huce mako biyu ko uku, ki fitar da shi a takarda, ki sauya samfurin haruffa don ya zame wa idonki baƙo, ki karanta a bayyane da rula a ƙarƙashin layi. Ki ware zagaye ɗaya don sunaye da lambobi da kanun babi kaɗai. Ki duba bayan an tsara shafuka, don kurakurai da yawa a wajen tsarawa suke shiga. Kada ki dogara da jan layin kwamfuta, ita a wurinta "fada" da "faɗa" duka kalmomi ne. Malaman da suka riƙa kwafar littattafai da hannu suna da hanyar da har yau ban ga wadda ta fi ta ba, muƙabala: ɗaya na karantawa daga asali, ɗaya na bin kwafi da ido, inda aka yi gyara a rubuta a gefe a sa masa alamar "sahha". Bayan sun gama wannan wahalar ne suke rufewa da roƙon mai karatu ya yi afuwa a kan abin da ya kuɓuce. Ni ba na ƙin a rubuta "ɗan Adam tara yake bai cika goma ba" a gaban littafi, amma na sha ganinta a littattafan da ko biyar ba su kai ba.

Ki turo min jerin 14 ɗin da lambobin shafukansu, da shafin da mutumin nan ya tsaya in ya faɗa miki. Abin da zan fara dubawa shi ne nawa suka faɗo kafin shafi na 10, sannan ko akwai wata "ba" da ta ɓace.